Laifin Lamba Takwas

Shekara ashirin da wani abu ina ajiye da wani littafi a ƙasan akwatina, naɗe cikin leda, ƙarƙashin babbar rigar da nake sawa da Sallah. Littafin ƙungiyar ƙwallonmu ne na lokacin samartaka, irin mai bangon kwali da ake saya wa 'yan makaranta. Duk wasan da muka buga yana ciki: da wa muka kara, a wane fili, nawa aka tashi. Ni ne kyaftin, shi ya sa da ƙungiyar ta watse aka bar shi a hannuna. Wanda ya rubuta shi kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona, don shi kaɗai a cikinmu ya gama firamare. Ni allo na yi, boko kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Akwai shafi ɗaya da na naɗe wa gefe. Shafin wasanmu na ƙarshe ne, wanda 'yan Rimaye suka fitar da mu a Kankiya. Ranar da ya rubuta shi muna zaune a gindin bedi, na ce ya karanta mani. Ya gyara murya ya karanta: "Lamba Takwas ya raba ƙwallo yadda ba a taɓa gani ba, sai dai rabo bai tsaga ba." Lamba Takwas ni ne, ɗan tsakiya. Shi ne Lamba Tara, ɗan gaba. Daɗi ya kama ni, har na yafe masa rabin abin da ya yi mana a fili.

Tun daga ranar, duk baƙon da na ga alamar ya yi boko sai ya ga shafin nan. Na nuna wa malamin gona. Na nuna wa surukina ranar da ya zo ganin ɗanmu na fari. Na nuna wa wani ma'aikacin lafiya da ya zo rigakafi, ya ajiye akwatinsa ya karanta a tsaye. Kowa in ya karanta sai ya ɗago ya dube ni, ya sake duban takardar, ya ce, "Lallai an yi wasa." Ni kuma in ce, "Ka bari kawai, wanda ya rubuta ma ba mai yabon mutum ba ne." Da babban ɗana ya kai aji huɗu shi ma na ba shi. Ya karanta, ya miƙo mani da hannu biyu, ya ce akuya ta shiga rumbu, ya fita da gudu. Akuyar kuwa tana ɗaure a gabana.

Bara waccan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kusada. Duk masu furfura ne ko masu shirin yi, muna zuwa bayan la'asar kwana uku a mako. Ni ba mai saurin ɗauka ba ne, amma ba na fashi. A shekara ta biyu malaminmu ya ce kowa ya zo da wani rubutu daga gida ya karanta a gaban aji. Wani ya zo da katin asibiti, wani ya zo da buhun taki. Ni na zo da littafina. Ban ko gwada shi a gida ba, tunda na san abin da ke ciki da ka.

Na miƙe, na buɗe shafin, na ɗora yatsa.

"An... ci... mu... ɗaya... da... nema."

Daidai ne. Na matsa gaba ina jiran in ci karo da "raba ƙwallo". Sai yatsana ya tsaya a kan "duk". Na ce a raina wataƙila gabatarwa ce.

"Duk... laifin... Lamba... Takwas... ne."

Malam ya ce, "Baba, in ka gaji a tsaya nan." Na ce ban gaji ba. Shekara ɗaya da rabi na yi ina koyon haɗa baƙi, ba zan tsaya a tsakiyar layi ba.

"Yana... buga... ƙwallo... kamar... mai... korar... jaki... daga... gona. Lamba... Tara... ya... yi... iya... ƙoƙarinsa."

Wani dattijo daga Ƙofa da ke zama kusa da ni ya ce, "Wane ne Lamba Takwas ɗin?"

Na ce, "Wani ne, ya bar garin."

Malam ya yaba mani, ya ce ban yi kuskure ko ɗaya ba. A hanyar gida ina tuƙa keke ina tuno fuskoki: malamin gona, ma'aikacin lafiya, surukina. Da na kai kan surukina sai da na sauka na tura keken da hannu.

Ban ce wa taubashina komai ba. Kullum da hantsi muna haɗuwa a rumfar tsohon golanmu, wanda yanzu tela ne, mu sha fura mu yi musu. Wata biyar ina kallon bakinsa yana zuba. Da haka zan ci gaba, in ba don kyaftin ɗin ƙungiyar yanzu ya zo gidana ba. Magidanci ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an ba su sabon fili kusa da makaranta, za su buɗe shi bayan kaka. Suna son littafin iyayensu. Za a karanta shi a lasifika gaban mutanen gari tun daga farko har shafin ƙarshe, daga nan ya zauna a hannunsu.

Na ce masa to. Da ya tafi na fito da littafin, na yi tunanin yage shafin. Amma a bayansa aka jera 'yan wasanmu goma sha ɗaya, kuma biyu daga ciki sun riga mu gidan gaskiya. Na mayar da shi leda. Ya zama ko dai a gyara shafin kafin kaka ta wuce, ko jikokina su gaji maganar jaki.

Sai an san filinmu kafin a gane yadda laifin ya samo asali.

Ƙauyenmu yana kusa da Bauranya, kuma a lokacin ba mu da makaranta balle filinta. A gona muke wasa bayan girbi. Gonar kakanmu ce. Da ya rasu aka raba ta, babana kashi biyu, gwaggo kashi ɗaya, aka ja kunya mai tudu a tsakani, aka dasa gamba a kanta ta zama iyaka. Kowace shekara in an kwashe amfani sai mu tone tushiya, mu baje kunyoyi da fartanya, mu ɗaura wa san noma gungume ya ja ya daidaita wurin. Sharaɗin babana ɗaya ne. Ya ce, "Ku baje duk wadda kuka ga dama, amma wadda ke tsakanina da ƙanwata, wanda ya sa mata fartanya ya bar mani gida." Babu wanda ya yi musu. A wurinmu ba a taɓa kunyar iyaka, an sha ganin 'yan uwa sun daina gaisawa a kan tafin hannu ɗaya nata. Sai dai a yanke gambar a yi zana, a bar ta kwance.

Haka ta zauna a gicciye cikin filinmu, taku ashirin kafin ragar gabas. Ƙafafu suka tattake ta har ta yi laushi a ido, muka daina ganinta.

Filin kuma rairayi ne, yana cin ƙwallo. In ba ka buga da iyakar ƙarfinka ba, a tsakiyar hanya za ta kwanta. Ni da taubashina muka samu wata hanya da ba mu taɓa zama mun shirya ba. Da ƙwallo ta zo ƙafata, ko ɗagowa ba na yi. Na san ya riga ya ruga. Sai in saka mata ƙafa ƙasa-ƙasa da duk abin da na ci a ranar. Tana tafe tana tafe, sai kawai ta tashi sama, ta tsallake ƙafafun 'yan baya, ta iso masa daidai ƙirji. Shi kuma ya riga ya yi tsalle yana jiranta. Ya tare, ya sauke, ya buga. Baƙi suna can suna nemanta a ƙasa.

Mutane suka ce ƙafata tana da asiri, ni kuma ban ƙaryata ba. Shi ya ce ƙirjinsa ne ke kiran ƙwallo. Duk cinmu a ragar gabas muke yi, muka ce ai rana ce ke kashe wa golan baƙi ido da la'asar.

Bayan kaka ake gasa tsakanin ƙauyuka. Da farko wasan rukuni ne, gida da waje. A waje mu yi ta maza mu tashi canjaras, a gida mu yi wa mutane ruwan ƙwallaye. Waɗanda suka fito sai a kai su gari a yi sili ɗaya ƙwale, a filin makaranta mai tauri, shafaffe kamar tabarma. Shekara uku a jere muna fitowa rukuni a kan gaba. Shekara uku a jere muna dawowa gida daga wasan farko.

Shekarar farko a Kusada ne, da 'yan Ƙofa. Na buga yadda na saba. Taubashina ya tashi sama, ya turo ƙirji, ya mayar da hannuwa baya, har da lumshe ido. Ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashinsa kamar zomo, ta fita fili, ta daki baron mai rake. Sau biyar muka yi haka. A na biyar mai raken ya tura baronsa ya koma wancan gefen. A bayan motar da ta kwaso mu ya ce, "Ka ƙi ɗaga ta." Na ce, "Ka ƙi duban ƙasa."

Shekara ta biyu kowannenmu ya ɗauki maganar ɗan'uwansa a ɓoye, don ba mai son a ce ya ji. Ni na yi ta koyon sa mata ƙafa a ƙasa ta tashi. Shi ya ƙudura ba zai bar ƙasa ba. Ranar wasa ƙwallo tana wucewa ta saman kansa, shi yana sunkuye kamar mai kalen gyaɗa.

Shekara ta uku aka kai mu Kankiya. Wannan karon muka zauna, gola ya zama shaida, muka yi alkawari: ƙasa-ƙasa, ba tsalle. 'Yan Rimaye suka ci mu ɗaya tun kafin hutu. Ana dab da tashi ƙwallo ta zo ƙafata, na hango shi shi kaɗai, daga shi sai golansu. Na buga ƙasa-ƙasa kamar yadda muka yi alkawari. Ya yi tsalle. Ta wuce. Alƙalin wasa ya hura usur.

Daga nan aure ya zo, noma ya ƙaru, shi ya shiga awon hatsi a kasuwa ya ajiye tumbi. Amma musun bai mutu ba. Ni in ce ya yi tsalle, shi ya ce na yi harbi. Ina haƙuri da shi saboda na san littafi yana bayana.

Da aka gama girbin gero na bana, na sa littafin a aljihu na tafi rumfar gola. Na bari sai da taubashina ya shanye furarsa.

Na ce, "Ɗan gwaggo, kwana biyu raina ba daɗi. Karanta mani shafin nan nawa in ji sanyi."

Ya ciro tabaransa, don yanzu ba ya ganin rubutu sai da shi. Ya gyara murya irin ta wancan lokacin. "Lamba Takwas ya raba ƙwallo yadda ba a taɓa gani ba, sai dai rabo bai tsaga ba." Har da bin layi da yatsa.

Na ce, "Madalla. Nuna mani inda aka rubuta raba."

Ya dangwala yatsa a tsakiyar shafi.

Na leƙa na ce, "Wanga jaki ne."

Keken ɗinkin gola ya tsaya. Taubashina ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe.

Ya ce, "Tun yaushe ka fara gani?"

"Wata biyar."

"Wata biyar kana shan furata ka yi shiru?"

"Kai shekara ashirin ka yi kana cin tuwona."

Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Taubashi ba ya ba da haƙuri. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce shi sakatare ne, abin da idonsa ya gani ya rubuta. Ya ce karatun da ya yi mani kuwa tausayi ne, don ranar na fi kama da marar lafiya.

Na juya wajen gola na ce, "Kai ka san da wanga?"

Ya ce, "Kyaftin, har kurman bakin kasuwa ya sani."

Sai musu ya tashi sabo, ya yi tsalle, na yi harbi, har gola ya gaji. Ya ce shi a raga yake, ya fi mu ganin fili, kuma ya daɗe yana zargin wani abu. Gona tana nan, an kwashe gero, ni nake noman ɓangaren babana, shi yake noman na gwaggo, Allah ya jiƙansu. Ya ce mu ari ƙwallo mu je a gwada a gabansa, abin da ya gani shi za a rubuta.

Washegari da la'asar muka tafi mu uku, kowa ya doshi hamsin, muna bin bayan gari kada a gan mu da ƙwallo. Na lura taubashina bai zo da tabarau ba. Ya ce ya san ƙafata, ba zai kawo mata gilashi ba. Na ce ya yi dabara.

Muka baje 'yan kunyoyi muka yi hanya, muka bar ta iyaka yadda take. Na tsaya a gonata, shi ya tsallaka tasa. Na naɗe ƙafar wando na buga. Ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa, ta tashi, ta sauka a inda ƙirjinsa yake a da. Tumbin ya tare ta da kyau. Sau uku muna yi, sau uku tana tashi.

Na ce, "Ka gani? Ƙafar tana nan."

Ya ce, "Ƙirjin ma yana nan, sauka kawai ya yi."

Gola ya matso. Ya ɗauki ƙwallo ya kai mu masussuka a gefen gona, inda ƙasa ta daɓe ta yi tauri kamar filin gari. Ya jera mu, ya ce in buga.

Na buga. Taubashina ya yunƙura, ya turo gaba, ya mayar da hannuwa baya. Bai bar ƙasa da yawa ba, amma ya bar ta. Hularsa ta faɗi. Ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashinsa.

Na ce, "Gola, ka shaida."

Taubashina ya ce, "Tuntuɓe na yi."

"A tsaye?"

Gola ya ce ya shaida. Daɗi ya cika ni, har na fara laluben biro. Sai ya ce ba a gama ba. Ya kafa taubashina wuri ɗaya ya ce ko ƙiftawa kada ya yi, ya ce ni kuma in miƙa masa a ƙafa, a hankali, kamar yadda ake miƙa wa mutum ruwa.

Na buga a hankali. Haka na ji a jikina. Ƙwallo ta wuce shi kafin ya ɗaga ƙafa, ta ratsa gonar maƙwabci, ta tarwatsa tumaki. Gola ya tafi ɗauko ta, ya daɗe. Na sake, ta sake. A na uku ta same shi a ƙwauri, ya zauna a ƙasa yana kiran sunan gwaggo. Ina ba ƙafar umarni, tana yin abin da rairayi ya koya mata.

Gola ya ce, "Wanga ma na shaida."

Daga nan ya koma cikin gona muna biye da shi, ɗaya yana ɗingishi. Ya tsaya gaban kunyar iyaka, ya tsuguna, ya gangaro ƙwallo da hannu da ƙarfi. Ta daki tudun, ta yi sama, ta sauka a ƙirjina. Ya sake da ɗayan hannun, ta sake tashi.

Ya ce, "Ga ɗan wasanku na sha biyu. Ita ke ɗaga maku ƙwallo. Kai ba asiri gare ka ba, kai kuma ƙirjinka bai taɓa kiran komai ba. Kun je gari kun bar ta a gida."

Gaskiya maganar asirin ta fi maganar jaki yi mani ciwo. Shekaru ina tafiya da ƙafar dama a hankali, ina ganin ajiya ce. Na dubi tudun da babana ya hana a taɓa, gamba ta yi tsawo a kansa, na rasa ko in gode masa ko in yi fushi.

Taubashina ne ya fara farfaɗowa, kamar kullum. Ya mulmula ƙwaurinsa ya ce, "To ai magana ta ƙare, ɗan kawu. Laifin kunyar iyaka ne. Ita kuma ta gado ce. Yadda aka raba gonar haka za a raba laifin: ɗan namiji kashi biyu, ɗan mace kashi ɗaya."

Gola ya yi dariya har ya zauna a kan iyakar. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai dai a kai wa liman. Na ce ba sai an ɗaga dattijo a kan ƙwallo ba.

Na ce, "Na yarda. Wanda yake ɗauke da duka aka rage masa ɗaya cikin uku ai ya samu sauƙi. Amma ni zan rubuta, da hannuna."

Ya ce, "Rubuta mana. Mu ga abin da ake koya maku a Kusada."

Na zauna kusa da gola, na ɗora littafin a gwiwa, na fara a ƙasan nasa rubutun. Ina rubutu a hankali, baƙi ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Inuwa ta yi tsawo. Ya ce, "Wanga rubutu ne ko huɗa?" Na ce ya yi haƙuri, sabon san noma ne.

Da na gama na gyara murya, irin yadda na ga ana yi. Na bi layi da yatsa na karanta masa: "Laifin kunyar iyaka ne. Lamba Takwas kashi biyu, Lamba Tara kashi ɗaya."

Ya karɓi littafin, ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa, ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Layukan sun yi yawa." Na ce rubutuna ne manya. Ya gyaɗa kai, ya karɓi biro ya sa hannu a ƙasa, da irin lanƙwasar nan tasa ta 'yan boko wadda ko a duhu zai iya. Gola ya shafa tawada a babban yatsa ya dangwala. Daga gonar ban biya gida ba, sai gidan kyaftin ɗin yanzu. Na damƙa masa littafin kafin a kira magariba.

Ranar buɗe fili aka jera mana kujeru a ƙarƙashin rumfa. Mai gari ya zo, liman ya zo, surukina ya zo da sandarsa, 'ya'yana suna tsaye a baya. Taubashina ya sha babbar riga ya zauna kusa da ni, tabarau a aljihu. Kyaftin ya riƙe lasifika yana karantawa wasa bayan wasa, ana tafi a inda muka ci, ana addu'a ga waɗanda suka rasu. Har ya kai shafin.

"Duk laifin Lamba Takwas ne. Yana buga ƙwallo kamar mai korar jaki daga gona."

Dariyar da gari ya riƙe shekara ashirin ta fito a lokaci ɗaya. Surukina ya rufe fuska da hula. Na zauna na shanye, ina murmushi. Taubashina yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara.

Kyaftin ya ce akwai ƙari a ƙasa. Taubashina ya zungure ni ya ce, "Kashi biyunka ya iso."

Kyaftin ya karanta: "Gyara daga Lamba Takwas, da hannunsa. Ni na buga da ƙarfi. Lamba Tara ya yi tsalle. Kunyar iyaka ce ta saba mana. Gefe biyu gare ta, ɗaya nawa ɗaya nasa. Laifi rabi da rabi. Jakin da aka ambata a sama Lamba Tara ne. Sakatare ya sa hannu."

Hannun da yake ɗagawa ya tsaya a sama. Ya miƙe, ya ciro tabarau, ya taka har gaban kyaftin cikin hayaniya, ya karɓi littafin. Ya karanta da kansa, leɓensa yana motsi. Ya daɗe a kan sa hannun. Ya mayar, ya dawo ya zauna, ya gyara riga.

Ya ce, "Ɗan kawu, rubutunka kamar kaza ta yi tono."

"Amma an karanta."

"Rabin na karɓa. Jakin ne ban karɓa ba."

Na ce, "Ka ajiye shi a akwati. Ana sabawa."

Liman da ke gefenmu ya tambayi mene ne maganar kashi biyu. Gola ya sunkuya ya ba shi labari a kunne, liman ya yi ta girgiza kai yana riƙe dariya, ya ce shi dai ba a kawo masa ba.

Littafin yana hannun kyaftin. Sau biyu taubashina yana zuwa aro, wai zai duba wani abu, da biro a aljihunsa. Kyaftin ya ce sai da izinin tsohon kyaftin. Taubashina ya zo wurina, na ce ina tunani.

Makon jiya muka je yankan gambar iyaka, don dangar gidana ta faɗi, tasa ma ta kusa. Muka yanka muka ɗaure dami shida. Na ja huɗu gefena, na bar masa biyu, na ce ɗan namiji kashi biyu. Ya zo ya janye ɗaya ya mayar gefensa, ya ce rabi da rabi aka karanta a lasifika, kuma gari duka ya ji.